Kwaɗon Kaka Falmata da Dokar Bayan Isha

Shekarar da ruwa ya cika kududdufin bayan unguwarmu a Hadejia har ya leƙo bakin lungu, ita ce shekarar da aka kafa mana doka. Wani yaro ne ya dawo daga gidan kallon ƙwallo cikin duhu ya zurma ciki. An dai tsamo shi da ransa, takalminsa ɗaya ne ya tafi. Washegari mai unguwa ya sa aka yi shela a lasifikar masallaci: da an sallame isha, duk yaron da aka gani a waje 'yan sintiri za su sa shi tsallen kwaɗo, sannan ubansa ya zo ya yi bayani.

Iyaye suka ce madalla. Mu kuwa muka shiga uku, don bayan isha ake zama a gidan Kaka Falmata.

Ita ta haifi babana. Babarbariya ce, danginta daga wajen tafkin Chadi suka zo, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda Bahaushe ya iya miyar kifi ba. Gidanta yana ƙarshen lungu, ita kaɗai a ciki tun rasuwar kakanmu, ta kuma ƙi komawa gidan kowa. Bandar kifi take yi. Da yamma masunta su kawo mata tarwaɗa, ta lanƙwasa, ta jera a kan waya, ta haɗa wuta a ƙasa. Hayaƙin ya kori sauro, ƙamshin ya kira yara. Mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu zagaye wutar, tana juya kifi tana tatsuniya, wanda ya yi gyangyaɗi ya rasa rabonsa na kan tarwaɗa. Sai da na girma na gane a wannan lokacin kaɗai ake jin muryar mutane a gidan.

Ni na kai mata shawarar a mayar da zaman da rana. Ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon da kaka ke yi wa jikan da take kira mijinta.

"Maigida, ashe marar hankali na aura? Tatsuniya da rana? So kake in ɓace a kasuwa da tsufana?"

Gaskiyarta, kowa ya san ba a tatsuniya da rana. Tsakanin magariba da isha kuma muna gaban malam da allunanmu. Haka muka yi kwana biyu ba mu je ba. Babana ya leƙa ta, ya dawo ya ce ya tarar ta gasa kawunan kifi babu mai ci, tana zaune tana yi wa kyanwa faɗa. Washegari ta aiko mana: mu zo, duk wanda ya kama mu ya zo ya kama ta.

Muka je. Ko gama zama ba mu yi ba sai ga usur a ƙofar gida. Ilu ne, shugaban 'yan sintiri, ƙato mai gora da tocila, wanda ko akuya ya gani da dare sai ya hura mata usur. Ni har na fara jin ciwon cinya tun ban yi tsallen ba.

"Salamu alaikum. Kaka, doka ce fa. Kowa ya tashi."

"Wa alaikumus salam. Wa nake ji kamar Ilun da ya jiƙa mini tabarma a gaban wutar nan? Zauna in kai aya, ba a katse tatsuniya."

Ta miƙa masa kan tarwaɗa. Ya waiga ko yaransa na ganinsa, ya tsuguna, wai minti ɗaya.

"Ga ta nan ta fito daga ruwa," in ji Kaka.

"Ta zo mu shanya ta," muka amsa, don haka take buɗe tata.

Ta ce a wani kogi Zalɓe ya addabi 'ya'yan kifi, yana tsaye a ruwa marar zurfi yana tsince su. Sai Kada, sarkin kogin, ya kafa doka: rana na faɗuwa kowane ɗan kifi ya shige cikin ciyawar kacala wajen uwarsa. Ya naɗa Kwaɗo mai gadi, ya ba shi bulala. Kwaɗo ya ji daɗin muƙami, ya kumbura wuya, ya kwana yana ihu, iyaye suka yi barci da minshari tunda akwai mai gadi. Wata rana wata 'yar tarwaɗa ta makara. Ta doshi gida, sai ta jiyo Kwaɗo a bakin kacala yana kaɗa bulala. Tsoro ya kama ta, ta juya, ta yi ta gudu har ta sami wasu sanduna biyu a tsaye cikin ruwa, ta laɓe a tsakaninsu tana haki. Ashe ƙafafun Zalɓe ne.

Nan Kaka ta tsaya, ta juya kifi.

"Sai me ya faru?" Ilu ne ya tambaya, bakinsa duk mai.

"Sai gobe. Dare ya yi, doka ce fa."

Muka fashe da dariya, har da Ilun. Ta nuna mu da muciyar tonon wuta ta ce, "To ga su nan. In ka so ka hura musu usur su watse cikin duhu, wani ya nufi kududdufi. In ka so ka sa su gaba da fitilarka."

A daren nan Ilu ya raka mu ɗaya bayan ɗaya, yana haska mana hanya, yana ƙwanƙwasa ƙofa yana cewa a karɓi yaro. Da magana ta kai kunnen mai unguwa, ya yi ta shafa gemu, ya ce shi yaro mai yawo ya hana, bai hana yaron da ke hannun hukuma ba. Shi ke nan, kullum bayan isha Ilu ya tattaro mu ya kai mu, ya jingine gora, ya zauna jiran ƙarshen labari. Kaka kuwa sai ta yi wasu tatsuniyoyin ta rufe su da ƙurunƙus, in ya tuna mata da 'yar tarwaɗa ta ce Zalɓe yana tari, ko Kwaɗo ya tafi biki garin Kafin Hausa, a bari ya dawo. Ruwa ya janye, dokar ma aka manta da ita, Ilu bai fasa zuwa ba.

Bana an sake kafa irin wannan doka a unguwar da nake zaune, saboda yaran da ke kwana a shagon cajin waya. A taron iyaye kowa sai maganar bulala yake. Na miƙe na tambaya: in yaro ya ji tsoronmu ya juya, ina zai nufa? Sai aka ce tunda ni na kawo magana, ni zan riƙa rakiya. Yanzu ga ni da furfura ina yawo da tocila, kuma wallahi ba na jin haushi.

Kaka ta rasu ba ta ce ƙurunƙus a kan wannan tatsuniyar ba, kuma har yau ina kewarta. Da na je gida da salla na tarar da Ilu ya tsufa, gorar nan ta zama abin dogarawa. Ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Kai jikanta ne. Tsakaninka da Allah, Zalɓen ya cinye ta?"

Na ce, "Baba Ilu, ina zai cinye ta? Ai kai ka raka ta gida."