An yi min sikanin a baya, Yaya Talatu ta sha kunya

'Yan uwa, yau Allah ya saka min tun kafin azahar!

Kun san kwana shida ina tari da zazzaɓi, ga cikin wata bakwai. Yayar mijina, Yaya Talatu, ta zagaye Getso tana cewa lafiyata lau, roron wake nake gudu. Yau numfashina ya soma sarƙewa, mijina, Baban Amira, ya kai ni asibiti a Gwarzo. Ta biyo mu, wai ta ga ƙarshen ƙarya.

Likita ta ce ba sai an yi hoton ƙirji ba, tunda ga ciki. Ta ɗauko na'urar sikanin, ta shafa min mai a baya, ta ɗora tsakanin haƙarƙarina.

Yaya Talatu ta tuntsire da dariya. "Likita, ai cikin a gaba yake."

"Huhu nake dubawa, Hajiya. Kin ga fararen layukan nan? Mura ce mai tsanani ta sauka ƙirji. Kwana za ta yi a nan."

Sai tari ya turnuƙe Yaya Talatu. Likita ta juyo. "Ke tun yaushe?"

"Sati biyu," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Kuma kike zama kusa da mai ciki? Sa takunkumi, ki jira a waje."

Ga ni kwance da robar iska a hanci, abin da ke cikina lafiya. Baban Amira ya leƙo yana tambaya ko in Yaya Talatu ta warke a bar ta ta shigo gaishe ni.

Na ce ta fara gama roron wakena tukuna.