Labbo da Juyin Halitta

Labbo ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ba wanda zai ce ƙazafi nake masa. A Ɗan Isa aka haife mu, gidan manoma. Tun yana yaro, in an tafi gona shi ne mai tsayawa a inuwa yana gaya wa masu noma inda suka karkatar da kunya. Ya taɓa dillancin hatsi a kasuwar Kaura, ya taɓa kabu-kabu, ya taɓa siyasa, kowanne ya bar shi da sunan an raina masa hankali. Sana'ar da ya riƙe har furfura ita ce gardama.

Abin kirki ɗaya da ya fito daga gidansa shi ne ɗiyarsa Yusra. Aikin jinya take so tun tana firamare, makarantar jinya kuwa ba ta ɗaukar wanda bai ci bayoloji ba. Tana ajin ƙarshe a wata makarantar kuɗi a Kaura, malamar bayoloji ɗaya tal gare su, Malama Ramatu, 'yar Shinkafi. A shekarar ce aka ba Labbo shugabancin ƙungiyar iyaye, saboda shi kaɗai ke da lokacin zuwa kowane taro.

Wata rana da la'asar Yusra tana bitar karatu a tsakar gida, tana mayar da shi Hausa don ya zauna mata, sai uban ya ji ta ce "juyin halitta". Labbo da rediyo ya tashi, a zamanin soja. Juyi ɗaya ya sani a duniya, na mulki.

"Juyin me? Wa aka kifar?"

Ta ce ba a kifar da kowa ba. Bai tsaya ji ba, ya zura takalmi sai majalisa. A can wani ya ƙara masa da cewa ai ilimin da ke cewa biri ne kakan mutum ke nan. Kafin magariba Labbo ya zama gwani a fannin da bai san da shi ba da azahar.

Ya kira taron iyaye. Na je, don ina da jika a makarantar. Malama Ramatu ta miƙe cikin hijabinta, ta yi bayani a natse. Ta ce masu kimiyya sun bi ƙasusuwan da aka tono da kamannin dabbobi, suka ce halittu suna sauyawa a hankali cikin dogon zamani, kuma ba su ce biri ya haifi mutum ba. Ta ce akwai masu ja da su, masu cewa ko tsarin ido kaɗai ya isa shaida cewa akwai wanda ya tsara. Ta gaya wa yara duka biyun, in ji ta, ita kuma ba ta taɓa shakkar wanda ya halicce ta ba, amma na farkon ake tambaya a jarrabawa.

Labbo ya gyara hula.

"Kun ji da kunnenku. Ta amsa akwai juyi. To, malama, tunda an yi juyi, akwai wanda aka hamɓarar. Faɗa mana wa kuka ɗora a kujerar."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Labbo, zauna, ba ka gane ba."

"Yaya, wagga ba maganar mata ba ce."

Abin takaicin, an tafa masa. Rabin masu tafin sun san shirme yake, amma ba mai so a gan shi ya tsaya wa biri. Mai makarantar, matsoraci, ya sallami malamar kafin mako ya fita, ta koma Shinkafi. Aka nemi wani aka rasa, domin wa zai zo ya koyar da abin da aka kori wata a kansa? Yara suka shiga jarrabawa ba malami tun tsakiyar shekara. Labbo kuwa har Zurmi ya je ɗaurin aure yana ba da labarin yadda ya murƙushe juyi shi kaɗai.

Ina gidansa ranar da sakamako ya fito. Yusra ta ci komai da komai, ban da bayoloji. Ta zauna bakin rijiya, ko kuka ba ta yi ba, ni ce na yi mata.

Uban ya kishingiɗa a tabarma yana sakace haƙori.

"Ba komai," in ji shi. "Jinyar banza. Ko ba komai na tsare mata imaninta."

Yusra ba ta taɓa mayar masa da magana ba tun da aka haife ta. Ta ɗago kai ta dube shi.

"Baba, imanina da ma bai je ko'ina ba. Malamata ce ta tafi."