Kwalaben da Na Zubar

A shekarar ƙarshe ta 'yata a jami'a aka tafi yajin aiki, sai ta dawo gida Bolewa da kwalabe tara cike da koren ruwa. Gansakuka ce ta ɗebo daga kwamin shayar da shanu, ta yi watanni tana renonta. Ta jera su a zaure inda rana ke shigowa. Uku daga ciki ta ɗaura su a jikin injin tsohuwar fanka, suna juyawa a hankali.

"Wannan juyin fa?" na tambaye ta.

"Umma, a sararin samaniya abu ba shi da nauyi, babu sama babu ƙasa. Ina juya ta ne don ta rasa inda ƙasa take, in ga ko za ta ci gaba da aikinta."

Ta ce gansakuka na shan haske, ta zuƙe iskar da mutum ya fitar, ta mayar masa da wadda zai shaƙa. Masu doguwar tafiya a kumbo za su iya rayuwa da ita, har su ci. Matsalar dai, a can kumfar iska ba ta tasowa, sai ta manne mata ta hana ta girma. Na gyaɗa kai, amma hankalina na kan tukunya.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, na tsufa ina yi wa mata faɗa a kan kwantaccen ruwa. Da damina ta kankama, zazzaɓi ya kwantar da mahaifinta kwana biyar. Ranar da ta je suna Nangere, na dubi kwalaben nan raina ya ɓaci. Duk da bakinsu a toshe yake da auduga, na tuttule su a kwata, na wanke da omo, na kife.

Da ta dawo, ta daɗe tsaye a zaure da gyalenta a hannu.

"Umma, har ta fankar?"

"Har ita. Sauro ne kawai."

"Sauro ba ya shiga, Umma. Saura sati biyu in gama awo."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ta gaida babanta, ta ɗora mana tuwo.

Da aka koma makaranta lokaci ya ƙure, aka ba ta wani aikin a kan ciyawar gona. Malaminta ya so ya tura sakamakonta ga masu bincike a ƙasar waje, amma babu abin turawa.

Yanzu tana aikin ofis a Damaturu, da 'ya'ya biyu. Duk Juma'a tana kirana a waya. Bara na daure na ce ta yafe mini.



"Na yafe tuntuni, Umma," ta ce. "Kin sha maganin hawan jininki?"

Na ce na sha. Ban sha ba.