Ranar da Muka Ɓoye 'Ya'yanmu

Ni malamin lakol ne, wato makarantar boko, a wani ƙauye kusa da Cadawa. Mu uku muka kafa 'yar ƙungiyarmu ta yaƙi da shan ƙwaya: ni, da liman, da wani tsohon ma'aikacin asibiti da ya ajiye aiki. Abin da muke da shi zaure ɗaya ne da nasiha, nasiha kuwa ba ta tsayar da rawar jikin wanda tramol ya kama.

Ɗan yayata yana cikin waɗanda ya kama. Da damina ya fara sha, wai don ya yi noman mutum biyu. Kafin shekara biyu ko hauya ba ya iya riƙewa sai ya haɗiya. Tsohon ma'aikacin ya ce sai an kwantar da shi a Maradi, a hannun likita, mu kuwa ba mu da halin haka.

Sai muka ji wata ƙungiya tana ba irinmu tallafi, har da kuɗin jinya. Wata huɗu na yi ina zarya a kan kabu-kabu tsakanin ƙauye da Gazawa. Wannan ofis ya ce hatimi bai fito ba, wancan ya ce mai sa hannu ya tafi suna. Na haɗiye duk wannan. A ƙarshe suka ce za su aiko mutum biyu su gani da idonsu ko da gaske muna da matsalar.

A nan na tafka wautata. Na je na gaya wa mai gari baƙi suna zuwa, ban ƙara komai ba. Shi kuwa ya yi abin da ake yi wa baƙi. Aka share gari, aka yanka akuya, aka dama fura. Samarin da ke zama gindin itacen bedi suna layi don maye, tun da safe aka kora su gonakin nesa, aka ce kada wanda ya dawo sai la'asar.

Baƙin suka iso, mace da namiji. Duk wanda suka tambaya sai ya ce lafiya lau, wannan ai halin yaran bakin iyaka ne. Liman ma, da muka rubuta takardar neman tallafin tare, cewa ya yi an samu sauƙi sosai. Ina tsaye matar ta tambayi yayata ina ɗanta. Ta gyara lulluɓi ta ce ya tafi Katsina fatauci. Na ji kamar in fasa ihu.

Bayan sati uku takardar amsa ta zo: ba su ga bukata a garinmu ba, sun kai tallafin wani wuri.

Da takardar a hannu na shiga gidan yayata. Yaron yana kwance a inuwar rumbu, ya rame ƙwarai. Na zazzage mata duk abin da ke cikina, na ce da bakinta ta hana ɗanta gadon asibiti. Ba ta katse ni ba, tana ta tsintar wake a faifai. Da na gama ta ɗago kai.

“Ni uwa ce, ba ni iya tona shi gaban baƙuwa,” ta ce. “Amma kai kana tsaye sa'adda na ce ya tafi Katsina. Mi ya hana ka ce ƙarya nike?”

Na ninke takardar, na tura ta a aljihu.