Karan da Baffa Buba Ya Auna Ni da Shi

Ko sunana zan manta, ba zan manta da ranar Talatar da muka kai Alhaji Sale maƙabarta ba. Shekara huɗu ke nan, cikin watan Sha'aban, ana zafin nan na Gombe da ke sa mutum ya tsani rigarsa. Ku da aka ɗauka aiki kwanan nan kun tarar da ni haka, kuna cewa ciwon suga ne ya tsotse ni. Wani ma na ji ya ce asiri aka yi mini. Ba ko ɗaya. Ku ji yadda aka yi, in ya so ku ci gaba da gulmarku.

Ni Bala ne, direba a sashen lafiya, mataki na huɗu. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, shi ya sa yaran da na koya wa hanyar ofis yau su ke sa hannu a takardar hutuna. Motar gawa nake ja, shekara ashirin da biyu. Tsarin aikin ba wuya. In an yi rasuwa dangi su kira ofis, shugabar sashe ta sa hannu, in ɗauki mota da makara in tafi gidan. Akwai kuma wani ɗan aiki da ba ya cikin takarda. Kafin a yi wa mamaci wanka, akan ɗauko karan dawa a shimfiɗa a gefensa daga kai zuwa dunduniya, a karya daidai tsawonsa. Wannan karan ake kai wa masu haƙa. Da yake ni ke da mota, sau da yawa ni ake miƙa wa.

Wanda bai taɓa leƙa kabari ba, rami biyu ne. Akwai uwa, mai faɗi, inda masu karɓar gawa ke tsayawa. A cikinta akwai 'ya, siririya, inda ake kwantar da mutum a gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, a jera itatuwa a sama, a liƙe da ƙwaɓaɓɓiyar ƙasa. Tsawon 'yar da kara ake auna shi. Faɗinta kuwa ba mai aiko da awo, masu haƙa sun san shi da hannu tun kaka da kakanni, ɗani ɗaya da 'yan yatsu.

Alhaji Sale shi ne mai kula da sitonmu, kuma abokin cina. Ƙarfe goma masa da miyar taushe, ƙarfe biyu tuwo da ƙafar saniya, kowa da lemon kwalba biyu. A ofis ana ce mana tirela da tanka. Ni ne Tanka. A lokacin salla ma a kan kujera nake yi, don in na kai goshi ƙasa sai an ɗaga ni. Alhaji Sale ya rasu bayan asuba, ba jinya. Ƙaninsa ya miƙo mini kara, na kai wa Baffa Buba, tsohon Bafulatanin da ke shugabantar masu haƙa, mutum siriri kamar sandar kiwo, wanda ba ya magana sai ta kama.

Daga bakin ƙofar maƙabarta zuwa ramin, mutum takwas suka ɗauki makara, sau uku ana canji, ƙarfen yana kuka. Mutum uku suka sauka. Aka miƙa musu shi, suka juya shi gefen dama, suka sassauta hannu. Bai shiga ba. Ya tsaya a bakin 'yar kabarin kamar murfi a kan tulu. Aka ɗan danna, liman ya ce a bari, mamaci ba kaya ba ne.

Sai da aka fito da shi. Aka kwantar da shi ƙarƙashin dogon yaro, likkafanin duk jar ƙasa, babban ɗansa yana kore ƙuda da hularsa yana kuka ba sauti. Kusan minti arba'in ana sarar ƙasa. Itatuwan da aka yanko ma suka yi gajeru, aka koma neman dogaye. A bayana na ji wani ya danne dariya. Ƙanin mamacin ya juyo kaina.

"Kai ka kai awon! Wane irin awo ka kai?"

Na ce abin da ka ba ni shi na kai.

Baffa Buba daga cikin rami, ko kai bai ɗago ba, ya ce, "Tsawo kuka aiko. Ba wanda ya aiko da kauri."

Da aka watse, ina zaune a mota ƙofa a buɗe ina haki, don wannan 'yar tafiyar ta kusa kashe ni. Sai ga Baffa da sabon kara a hannu.

"Direba, sauko. Jingina da katanga."

Na ɗauka wani abu zai nuna mini. Na sa bayana a bango. Ya soka karan ta ƙarƙashin hannuna har ya taɓa katangar, ya sa babban yatsa daidai inda tumbina ya ƙare, ya karya.

Na ce, "Baffa, mene ne haka?"

"Na Alhaji ya ba mu kunya. Naka ba zai ba mu ba."

Ya soke karan a rufin rumfarsa ya koma kan aikinsa. Na zage shi a zuci har na isa ofis.

Ranar Juma'a na kawo wata gawa. A gefen gabas, kan ɗan tudu, na hangi sabuwar ƙasa da tsohon kwanon rufi an rufe wani rami. Wannan ba baƙon abu ba ne, da rani sukan haƙa biyu ko uku su ajiye saboda taurin ƙasa. Amma wannan shi kaɗai ne, nesa da layi. Na tambayi Baffa na wane ne.

Ya ce, "Mai shi bai iso ba tukuna. Yana dai kawo wasu."

Na je na ɗaga kwanon. Rana tsaka, amma wani sanyi ya bugi fuskata daga ciki. 'Yar kabarin faɗinta ya kusa biyun na sauran, an gyara gefunanta sumul, kamar ɗakin da ake jiran baƙo. Na daɗe a tsaye. Na ɗauki ɗaruruwan gawa, ban taɓa jin tsoron ko ɗaya ba. Ramin da ba kowa a ciki shi ya tsorata ni.

Litinin na shiga wurin Madam Rifkatu, shugabar sashenmu, tsohuwar nas ce 'yar kudancin jiha. Ita kaɗai ce a ofis ɗin nan ba ta taɓa ce mini Tanka ba. Na hau sikelinta, allurar ta kai ƙarshe ta tsaya. Sai da na je Kasuwar Gombe na hau sikelin buhu, 'yan dako suna ihu wai a ɗaure bakin kada ya zube. Kilo ɗari da talatin da huɗu. Madam ta auna jinina, ta cire tabarau ta dube ni.

"Malam Bala, kada in ji ka ce za ka yi gudu irin na 'yan GRA. Zuciyarka da gwiwarka ba za su ɗauka ba. Ka sha maganin hawan jini kullum. Ka yi tafiya minti goma, in ka ji ƙirji ya riƙe ka zauna. Tuwo ka raba biyu. Lemo kuwa ku yi sallama."

Na ce, "Madam, minti goma me zai yi wa wannan tulin?"

Ta ce, "A rana ɗaya ka tara shi?"

Na fara a unguwarmu, Nasarawo. Kwana biyu na yi. 'Yan acaɓa suna bina suna hon, "Tanka, mai ne ya ƙare?" Wanda nake bai wa ragowar tuwona ma ya yi dariya. Na ce to, akwai inda mutanensa ba sa yi wa kowa dariya. Na koma maƙabarta, da safe in gari ya waye sarai, kafin ofis.

Ranar farko daga ƙofa zuwa dogon yaron nan na kai, na zube a inda aka kwantar da Alhaji Sale. Cinyoyina suka saɓule, sai da na riƙa shafa man kaɗanya. Mako biyu kafin in iya kaiwa kusurwar katanga. Kuma akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. In ina bin jikin katangar, nakan ji numfashi a bayana, mai 'yar shewa a ƙarshe, irin wanda Alhaji ke yi in ya hau matakalar sito. In na tsaya ya tsaya. Na gaya wa kaina nawa ne bango ke dawo mini da shi. Wataƙila haka ne. Ban dai taɓa juyawa ba.

A mako na uku na watsar. Gwiwa ta kumbura, sikeli bai motsa ba, na zauna na ci ƙafar saniya kwano biyu don haushi. Kwana tara ban je ba. Sai aiki ya kai ni. Na tarar an janye kwanon, Baffa yana cikin ramin da tsintsiya.

"Ƙasa ta zubo," in ji shi. "Kada mai shi ya zo ya tarar da datti."

Washegari na dawo tafiya.

Daga nan duk ƙarshen wata sai ya kira ni jikin katanga, ya soka karan, ya fito da 'yar wuƙarsa ya datse abin da ya yi saura. Wani watan faɗin yatsa, wani watan ko wuƙar ba ya fitarwa. Bai taɓa ce mini sannu ba. Kalmarsa ɗaya ce, "Saura." A wata na biyar na zagaye katangar gaba ɗaya. A na bakwai na kai goshina ƙasa a masallaci na tashi da kaina, na fita waje na yi kuka kamar mara hankali. Wajen nan ne kuma numfashin bayana ya daina bina, ban san ranar da ya daina ba.

Bayan wata goma sha huɗu sikelin Madam ya karɓe ni, kilo casa'in da takwas. Na je na ce, "Baffa, a cike ramin nan haka. Ya yi mini yawa yanzu."

Ya dube ni, ya dubi tudun. "Ramin da aka haƙa ba a mayar masa da ƙasa wofi. Sai ya ci."

"Wa zai ci?"

"Ni haƙa aka sa ni, Direba. Ba ni ke rabo ba."

Tun daga ranar duk mai ƙibar da na gani a ofis sai gabana ya faɗi. Ni kuma ko ciwon kai na yi sai in tuna kwanon nan.

Da damina ta kankama Baffa ya kwanta. Aka kai shi gidan 'yarsa, wata biyu bai taka maƙabarta ba, ko zama ba ya iyawa. Na je gaishe shi sau biyu, bai gane ni ba. Ya rasu wata Alhamis da safe bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ramukan da aka tanada duk sun cika da ruwa, sabon da aka fara haƙawa yana rushewa. Guda ɗaya ne busasshe, na kan tudu, mai kwano.

Ni na ɗauko shi. Mutum huɗu suka ɗaga makarar kamar ba kowa a ciki. Da aka ce wa zai sauka, surukinsa ya sauka, ni ma na tuɓe takalmi na bi shi. Shekara kusan ashirin ina kawo mutane bakin rami, ranar na fara shiga. Muka kwantar da shi a gefen dama, sai ya nemi ya kife, don wurin ya yi masa yawa. Sai da aka miƙo tubala muka jera a bayansa suka tokare shi. Ina jerawa ina kallon filin da ya rage tsakanin bayansa da bango. Da nan ne tumbina zai kwanta.

Da aka shafa fatiha na wuce rumfarsa in ɗauki karan. Yana nan inda yake soke shi. Amma ya fi yadda na san shi gajarta. Bakinsa fari ne, sabon yanka, guntun da aka datse yana ƙasa ko jiƙa bai yi ba. Na tambayi sauran masu haƙan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse ba ya taɓa kayan Baffa. Na je jikin katanga, na jingina, na soka shi ƙarƙashin hannuna. Daidai, ko yatsa ba saura.

Ban san wa ya yanka ba, kuma na daina tambaya.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan namu mutane suna yin abu don haka suka tarar ana yi, ba mai tsayawa ya dubi wanda ke kwance a gabansa. Shi ya sa yau in an miƙo mini kara ɗaya nakan ce a ba ni na biyu, na kauri, ko dangi za su ji haushi. Gara su ji haushina da a kwantar da ubansu ƙarƙashin bishiya ana kore masa ƙuda. Na kuma koyi cewa duk masu ce mini Tanka suna dariya, da masu cewa jikin nan arziki ne, ba wanda ya damu in kwana ko in tashi. Wanda ya damu shi ne tsohon da ya haƙa mini kabari.

Karan yana cikin motata, bayan kujera. Duk ƙarshen wata nakan je jikin katangar in auna da kaina. Kai da ke dariya a baya can, na ga yadda kake hawa matakala. Zo ka jingina da bango.