Allura a Cikina

Hannu na kai bakina in ɗauko allurar, na ji leɓe kawai. Na sake shafawa, babu. A maƙogwarona kuwa wani siririn sanyi ne ya wuce, ya bar mini ɗanɗanon ƙarfe a bayan harshe.

A gindin ɗorawa nake zaune, a bakin masussukar su Gwaggo a Utai. Gwaggo yayar Baba ce, kuma duk kaka wajenta nake zuwa in yi kwanaki, in sha gyaɗa ɗanya da rake, in tafi da ɗinkina. Hula nake ɗinkawa, ba don sayarwa ba, sha'awa ce kawai tun ina sakandare. Ta bana ta Baba ce. Tun da sojoji suka koma bariki mazan unguwarmu suka fito da manyan riguna, yau taron mazaɓa, gobe rakiyar kansila, hular Baba kuwa duk ta koɗe. Launin sabuwar daga jar dawa na ɗauko shi, shi ya sa nake son zama kusa da dammuna ina gwada zare a jikin zangarniya.

Duk mai ɗinki ta san inda ake ajiye allura in zare ya ƙare: tsakanin leɓɓa, kafin a warwaro wani. A haka nake iska ta juyo daga wajen mata masu sheƙa, ƙaiƙayin gero ya watso mini a fuska. Atishawa ta taso, na ja numfashi da baki.

Na miƙe a hankali na kaɗe zanina. Na kaɗe mayafi. Na bi tabarmar da tafin hannu, na bi hular layi-layi, na shiga tone ƙasa da yatsa. Ina yi ina gaya wa kaina ai faɗuwa ta yi, atishawa ce ta cillar da ita.

"Me kike nema haka kamar kaza?" in ji Gwaggo, ƙwarya a hannunta.

"Allurata."

"To don allura? Akwai wata a gida."

"Gwaggo, a bakina take."

Ta dube ni, ta ajiye ƙwaryar a ƙasa ba tare da ta kalli inda ta ajiye ba, gero ya zube. Matan suka daina sheƙa. Aka kawo rariya aka tankaɗe ƙasar wajen kaf, aka sami tsakuwa da ƙwayar gero da wani tsohon maɓalli.

Wata tsohuwa cikinsu ta ce, "Allura ai ba ta zama waje ɗaya. Jini take bi, tana tafiya tana tafiya, sai ta sami zuciya."

"Baaba, in ba ki da maganar alheri ki koma kan turminki," Gwaggo ta ce mata. Amma na riga na ji.

Wata ta ce a jiƙa kanwa in sha in amayo ta. Na girgiza kai, ina tsoron ko magana in yi da ƙarfi. Zanen cikin mutum da muka kwafa a ajin kimiyya ne ya tsaya mini a ido, hanji a nannaɗe kamar igiyar guga, lungu bayan lungu, kuma na san abin da tsini zai yi in ya juyo sama. Da ban taɓa ganin zanen ba da wataƙila tsorona bai kai haka ba. Gwaggo ta aika aka kawo dafaffen dankali, ta yago auduga daga gonar maƙwabci, ta cire gurya, ta cuɗa su.

"Haɗiye, kar ki tauna. Ta samu abin da za ta naɗe a ciki."

Na haɗiye ina hawaye. Ban sani ba ko daidai ne ko ba daidai ba.

A gaban wata a-kori-kura mai lodin gero aka sa ni, Gwaggo a gefena, muka nufi gidanmu a Wudil. Na zauna a miƙe, hannu biyu a kan kujera ina ɗage jikina duk sanda muka nufi rami. Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil, motocin shanu sun toshe hanya tun daga nesa. Direban yana ta hira, wai yanzu ba soja a hanya mai sa mutum tsallen kwaɗo, sai dai ramukan suna nan ba wanda ya sauke su daga mulki. Gwaggo ta ce ya bi a hankali ko ta sauke shi daga motar.

Mun sami Baba a ƙofar gida da maƙwabta, rediyonsa a tsakiya, ana musu a kan 'yan majalisa. Wannan rediyo shi ne abokin Baba. Lokacin soja ƙasa-ƙasa yake kunna shi a cikin ɗaki, yanzu kuwa har bakin titi ana ji. Da Gwaggo ta raɗa masa, ya kashe shi ya miƙe.

"Uwata, ina yake miki ciwo?" Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Ba ya ciwo, Baba."

Inna ta leƙo daga zaure. Ni ce 'yar fari, don haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama kusa da ni a gaban mutane, sai dai "ke" ko "waccan". Ta saurari Gwaggo har ta gama, ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta koma ciki. Na san al'ada ce. Duk da haka ranar ta yi mini zafi.

Likitan da muka gani a gari ya danna cikina nan da can, ya tambaya ko na yi tari ko na shaƙe, ya ce mu wuce Kano a ɗauki hoto. Muka haye gada da la'asar. Na kalli kogin, ruwan ya fara ja baya, masu kwale-kwale suna ta harkarsu, na ji haushin yadda komai yake tafiya daidai.

A Kano wani likita mai furfura ya ɗaga hoton ya saita shi da taga. Har lokacin akwai wani ɓangare na zuciyata da ke cewa tana can cikin ƙasar Utai. Sai ga ta. Wani farin layi siriri, a karkace, ƙasa da haƙarƙarina.

"Ga allurar taku nan," ya ce. "A tumbi take, ba ta shiga huhu ba, wannan mu gode wa Allah. Yawanci da kanta take fita. Amma in ta soki hanji, yanka za mu yi, kuma ba a jira. Ciwon ciki mai tsanani, ko zazzaɓi, ko amai, ko jini, ku taho ko a ina kuke."

"Wai tana bin jini ta je zuciya?" na tambaya.

"Wa ya gaya miki? Ki ci tuwo da ganye, ki bar tsalle-tsalle. A riƙa duba bayan gidanki duk sanda kika zaga. In an gan ta a cike, ba ciwo ba jini, shi ke nan magana ta ƙare."

Bai ce mini ba ta zuwa zuciya ba. Na lura da wannan, na riƙe shi har gida.

Washegari da safe na ga Baba a tsakar gida da sukuddireba, rediyon a kife a cinyarsa. Ya kwance bayansa, ya ɓalle lasifikar, ya yi ta fama har ya raba ta da mayen ƙarfen da ke manne a gindinta. Ya gwada shi da ƙusa, ƙusar ta ɗafe. Ya ɗaure shi a bakin kara da tsumma, ya miƙa wa Gwaggo.

"Ido zai iya kuskure, wannan ba zai yi ba."

"Kai da ko ƙuda ba ka bari ya sauka a kan abin nan?"

"Su yi ta musunsu a majalisa, na ji daga baya."

Aka saya mini fo irin na yara. Ni da na gama sakandare, ina jiran sakamako, na koma zama a fo a bayan ɗaki, in gama in rufe in kira Gwaggo in gudu ɗaki don kunya. Ita kuwa ba ta fasa tsokana ba. "'Yar boko, yau ma ba saƙo. Ko sai mun rubuta mata takarda da Turanci?"

Gidan ya yi shiru ba rediyo. Maƙwabta su zo ƙofa da yamma, su yi gaisuwa mai tsawo, su tambayi mai jiki, su rasa abin yi su watse. A zaune nake salla, ruku'u da ka kawai. Ba na dariya, ba na miƙa, in atishawa ta taso sai in toshe hanci har idona ya kawo ruwa. Duk motsin da cikina ya yi sai in tsaya in saurara. Wani lokaci in ji tsini a ƙarƙashin nono na hagu, in ce shi ke nan, maganar tsohuwar ce. In sa hannu a ƙirji ina jin bugun, ina jiran wanda zai zama na ƙarshe. Hular Baba tana rataye a ƙusa cikin leda, ko kallonta ba na iya yi.

Inna ba ta shigo ta zauna ba ko sau ɗaya. Sai dai ta turo ƙofa ta ajiye tuwo da miyar zogale, ta ce, "Ke, ci da zafi," ta fita. Hannunta yana warin kananzir da sabulu, har ya kama bakin kwanon. Na ɗauka risho take gyarawa.

Ranar da abin ya zo, da hantsi ne. Wani murɗa ya kama ni a ƙasan ciki ta dama, ba irin na kwanakin baya ba, wannan kamar ana ja da ƙugiya. Gumi ya keto mini. Na kira Gwaggo. Ta taɓa wuyana ta ce ba zafi. Baba ya zura takalmi ya fita neman mota, ko hula bai saka ba. Ina jin Gwaggo tana haɗa zannuwa a jaka, tana cewa a sa da bargo, asibiti akwai sanyi. Na tuna kalmar likitan, yanka, na shiga karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina haɗa farkon wata da ƙarshen wata.

Sai murɗan ya sauka ƙasa. Na rarrafa bayan ɗaki, na zauna ina riƙe da bango. Da na gama na dawo na kwanta a tabarma, ciwon ya lafa, ni kuma na kasa yarda da lafawar.

Ta tagar ɗakin ana hango lungun da nake ajiye fon. Ban taɓa leƙawa ba sai ranar. Ba Gwaggo na gani a kan fon ba. Gwaggo tana tsaye daga gefe da buta, tana miƙa wuya, don idonta ba ya ganin ƙaramin abu. Inna ce a tsugune, ta naɗe hannun riga, tana bi da karan a hankali, tana zuba ruwa, tana sake bi. Yadda take yi ba alamar yau ta fara. Ashe kananzir ɗin na wanke hannu ne, ba na risho ba.

Na ga ta tsaya. Ta ɗago karan ta kawo shi kusa da fuskarta. Ta ce Gwaggo ta zuba ruwa, ta ƙara zubawa.

Na ji takunta har ƙofa. Ba ta tsaya a bakin ƙofa ba, ta shigo ta durƙusa a kan tabarmata, ta buɗe tafin hannu. Allurar ta yi baƙi ƙirin kamar an ƙona ta.

"Duba da kyau. Ita ce? A cike take?"

Na duba. Ga kafar zare, ga tsini, ga ɗan lanƙwasar da ta yi a tsakiya saboda yawan turawa cikin hula. Na gyaɗa kai.

"Jini fa?" na ce.

"Babu. Na duba."

Sai ta kama wuyan hannuna da ɗaya hannun, mai warin kananzir, ta riƙe gam. Gwaggo tana bakin ƙofa da buta.

"A'a. Yau kuma ina aka kai kunyar 'yar fari?"

Inna ba ta sake ni ba, ba ta kuma juya ba. A waje na ji ƙarar mota ta tsaya, da muryar Baba yana cewa a fito da ni a hankali.

"Yaya, ki ce masa ya sallami mai motar," in ji Inna. Ta dube ni. "Miƙe ƙafarki sosai. Ta fita, ba abin da zai same ki."