Abin da Madam Ke Ce wa Lurwanu

In ana neman garin da maƙaryacin Turanci zai tsufa cikin rufin asiri, to babu kamar Makka. Bature ba ya shiga, wa zai ƙaryata ka? Lurwanu ya gane haka tun ranar da ya sauke ƙullin kayansa a unguwar Misfala, gab da ɓarkewar babban yaƙin Turawa.

Mutumin ƙasar Katsina ne. Hanyar Hajji ce ta ajiye shi a Bur Sudan, inda ya shekara da shekaru yana wanki da guga a gidan wani Bature. A bakin matar gidan, wadda suke kira Madam, ya tsinci Turancinsa kaf. Ita kuwa Madam, tunda Allah ya haɗa su, ba ta taɓa buɗe baki ta yi masa magana ba sai don faɗa. Ya ƙona riga, ya fasa tangaran, an same shi yana minshari a kan tulin wanki. Turancin da ya ƙetaro teku da shi ke nan: zagin da aka yi masa, a wanke, a goge, a ninke.

Wata rana a gahawa, rumfar da ake taruwa shan shayi, wani ya ce, "Ya shaikh, ɗan yi mana yaren nan mu ji."

Lurwanu ya gyara zama, ya maƙale murya, ya ce, "I am tired of telling you."

"Me ke nan?"

Ma'anarsa ita ce na gaji da gaya maka, kuma Lurwanu ya san haka sarai, don kullum da tsawa ake haɗa masa. Amma ya dubi idanun da suka yi masa caa, ya ce, "Wato ina jin daɗin magana da kai. Haka Madam ke gaishe ni kowace safiya."

Shi ke nan, ƙarya ta samu wurin zama. "You are fond of sleeping," wato barci ne sana'arka, ya fassara musu da kai mutum ne mai himma. "You are good at breaking things," wato ka ƙware a ɓarna, ta koma hannunka akwai albarka. Kafin shekara ta zagayo ya zama Malam Lurwanu Ingilizi, ya jefar da dutsen guga, ya ce bai dace da matsayinsa ba. Matsayi! Matarsa Ramlatu ce ke tashi da asuba tana suyar waina a bakin hanya, a lokacin Hajji ta bi ayari har Mina da kaskonta a ka, shi kuwa yana kishingiɗe a ƙofar gida yana karantar da zauna-gari-banza.

A yi masa adalci ɗaya: ginin maganar ya iya shi. Yakan ce Turanci hawa uku ne. Ka fara da halin mutum, ka sa ƙugiya, sannan ka rataya aikin da wutsiyarsa ta "ing". Kowane hali da ƙugiyarsa: "tired" da "fond" sai "of", "good" sai "at", in ka musanya ka ɓata. Sai ya ja wutsiyar nan, "inggg", har jijiyar wuyansa ta tashi, almajiransa na amsawa kamar masu biya karatu. Ramlatu tana daga bayan asabari tana tankaɗe, duk yana shiga kunnenta.

Akwai guda da bai taɓa koyarwa ba, ita ce kaɗai wadda shi da kansa yake faɗa a gidan Madam, kai a sunkuye: "Sorry for coming late." A yi haƙuri na makara. Wannan maganar baran gida ce, kuma Lurwanu ya gwammace a yanke masa harshe da Misfala ta san an taɓa yi masa tsawa.

Bayan yaƙi aka fara labarin kamfanin man fetur na Turawa can gabas, wai mai jin Turanci ba ya ɗaukar kaya, a inuwa ake zaunar da shi. Idris, ƙanen Ramlatu, magidanci ne mai 'ya'ya, yana ɗiban ruwa da garwa biyu a sanda, yana da gidajen da ya saba kai wa, abin da mai ruwa ke shekaru kafin ya samu. Ya ji labarin, ya zauna gaban mijin yayarsa wata da watanni yana hadda, sannan ya bar wa wani gidajen ruwansa.

Ranar tafiya ya zo sallama. Ya ce, "Yaya Malam, in na tsaya gaban Baturen, da wacce zan fara?"

Lurwanu ya dube shi. Ya san abin da ya ɗura wa bawan Allahn nan a baki. Kalma kaɗan ce za ta ceci Idris, sai dai ga mutane zaune, ga Ramlatu a bakin ƙofa. Ya sha kurɓin shayi, ya ce, "Fara da yabon himmarsa. Suna son yabo."

Tir da wannan hali.

Idris ya ƙetare sahara a bayan babbar mota, ya shiga layi, aka kawo kansa. Ya yi murmushi har kunne, ya shaida wa Baturen cewa barci ne sana'arsa. Da ya ga fuskar mutumin ta yi ja, sai ya yi sauri ya gyara da gaisuwar Madam: ya gaji da gaya masa. Masu gadi suka fitar da shi. Wani kuku ɗan Sudan ne ya tausaya masa a bakin ƙofa, ya zaunar da shi, ya fassara masa haddarsa ɗaya bayan ɗaya.

Ya dawo Makka a rame. Gidajen ruwa sun zama na wani, sai dako a kasuwa. Bai tona wa kowa ba, yayarsa kawai ya gaya wa, yana magana yana kallon ƙasa. Shi kuwa Lurwanu har ya riga ya baza a gahawa cewa Idris ne bai ja wutsiyar da kyau ba.

Washegari da la'asar majalisa ta cika a ƙofar gida. Ramlatu ta fito da kanta ɗauke da farantin waina, abin da ba ta saba ba. Ta dire shi a gaban Lurwanu, ta miƙe, ta dube shi ido cikin ido. Kalma ɗaya kawai ta roƙi Idris ya tambayo mata wajen wani alhaji ɗan Indiya, sauran kuwa a bayan asabari ta koya. Ta sa hali, ta sa ƙugiya, ta rataya aiki da wutsiyarsa, ba kuskure ko ɗaya:

"I am tired of feeding you."

Na gaji da ciyar da kai. Duk Misfala mutum ɗaya ne ya ji ta, kuma ya ji ta har ƙashi.

Majalisa ta kaure. "Ma sha Allah! Har uwargida ta iya! Malam, me ta ce?"

Lurwanu ya dubi farantin, ya dubi Ramlatu. Ba ta tafi ba, tana tsaye tana jira ta ji. Leɓensa ya motsa, maganar nan ta ban haƙuri ta zo masa har bakin haƙori, wadda da ita ya dace ya fara. Ya haɗiye ta.

"Ta ce," ya yi gyaran murya, "ta ce tana jin daɗin ciyar da ni."

Aka yi ta sa mata albarka. Ramlatu ta gyaɗa kai, ta shige ciki. Ya ci wainar a gabansu har da suɗe yatsa, don ba yadda zai yi.

Da safe ta ɗauki kaskonta ta koma gidan Idris, inda akwai yara masu jin yunwa. La'asar ta yi, majalisa ta taru, Lurwanu na ta waiwayen ƙofa. Faranti bai fito ba.